Ido a Hanya: Tarihin Fargaba da Tsaro a Zangon Kwatano

Unguwar Zango ta birnin Kwatano, wadda takardun hukumar Jamhuriyar Benin ke rubutawa Zongo, tana yamma da mashigin ruwan da ya raba birnin biyu, kusa da tashar jirgin ƙasa da unguwar Jonke, ba ta kuma da nisa da tashar jiragen ruwa, sannan babban masallacinta yana daga cikin wuraren da Musulmin birnin suka fi cika ranar Juma'a. Mazaunanta gauraye ne na Hausawan Nijar da na Najeriya, da Zabarmawa, da Dandawa, da Fulani, da Yarbawa Musulmi, da sauran mutanen arewacin Benin, waɗanda Hausa ta zame wa da yawansu harshen ciniki. An saba ba da tarihin irin wannan unguwa ta fuskar kaya da riba, wato goro da kanwa a da, shinkafa da atamfa da motoci a yau, har ma a Kano sunan birnin ya koma sunan kayan da aka riga aka yi amfani da su a Turai. Akwai kuwa wata fuskar da ba a cika dubawa ba, ita ce abin da baƙo yake yi da tsoronsa idan ya ɗauki dukiya ya shiga ƙasar da ba ta iyayensa ba. Ta wannan fuskar, zango tsari ne na raba aikin sa ido tsakanin mutane da yawa domin kada ya cinye mutum guda, kuma binciken da masana halayyar ɗan Adam suka yi a kan fargaba yana taimakawa a gane abin da ya sa tsarin ya daɗe yana aiki, da kuma inda ya soma gazawa.

Masanan suna bambanta tsoro da fargaba. Tsoro shi ne abin da ke kama mutum idan haɗari ya bayyana a gabansa, yana da farko yana da ƙarshe, amma fargaba zaman jira ce na wani sharri da ba a san ko zai zo ba, ba a kuma san lokacinsa ba. A shekarar 1986 wasu masana uku a London, Colin MacLeod da Andrew Mathews da Philip Tata, suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya zama tushen wannan fanni. Sun riƙa nuna wa mutane kalmomi biyu a allon kwamfuta na tsawon rabin daƙiƙa, ɗaya mai ɗauke da barazana kamar ta ciwo ko ta wulaƙanci, ɗayar kuma kalma ce ta yau da kullum, bayan kalmomin sun ɓace sai wani ɗigo ya fito a gurbin ɗaya daga cikinsu, mutum ya danna maɓalli da zarar ya gan shi. Masu fama da ciwon fargaba sun fi saurin ganin ɗigon idan ya fito a gurbin kalmar barazana, abin da ke nuna cewa hankalinsu ya riga ya tafi can tun kafin su sani, alhali masu lafiya ba su nuna wannan karkata ba. A 2007 Yair Bar-Haim da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 172 na irin wannan suka duba, suka tarar karkatar tana nan a tsakanin masu fargaba iri-iri, manya da yara, ko da yake ba ta kai girman da wasu suka yi zato ba. Tun kafin nan, a 2001, Elaine Fox da abokan aikinta sun nuna cewa babbar wahalar mai fargaba ita ce ɗauke hankali daga barazanar bayan ya gan ta. Hankali kuwa abu ne mai iyaka, abin da aka kashe wajen gadi an rage shi ne daga lissafi da ciniki da barci.

Fataucin goro na ƙarni na 19 ya san wannan matsala a aikace, ko da yake bai sa mata suna ba. Ayarin da ya tashi daga Kano ko Jega zuwa Gwanja yakan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, ya ratsa ƙasar Bargu ta garuruwan Nikki da Paraku da Jugu, waɗanda duka uku suna cikin Benin ta yau, sannan ya nufi Sansanin Mango da Yendi har Salaga, inda ake sauke kanwa da tufafin saƙi da kayan fata a ɗauko goron da Asante ke turowa daga kurmi. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan ci rabin shekara ko fiye, kuma manyan 'yan kasuwar da suka riƙe ta su ne Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya bayyana a littafinsa na 1980. Baturen Ingila Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, maza da mata, da dabbobin kaya kusan haka. Bargu ta yi suna a wancan zamani da tare hanya, domin 'ya'yan sarauta da ba su sami gadon mulki ba sukan tara mahaya su auka wa ayari, sarakunan garuruwa kuma suna karɓar fito, wato kuɗin wucewa, wanda ba shi da ƙayyadadden farashi sai yadda ciniki ya kaya. Ga kuma goro da kansa, kaya ne mai lalacewa, sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda ƙwaro ya ci ana yayyafa ruwa ana sake ganye, saboda haka kowace rana da aka ɓata a hanya asara ce.

Abin lura shi ne yadda aka rarraba damuwar. Madugu, shugaban ayari, shi ke ɗauke da sanin hanya da sarakunanta, shi ke zama a yi cinikin fito, shi ke yanke shawarar a tsaya ko a wuce. Jagaba yana gaba, aikinsa duba hanya da neman masauki da jin labarin abin da ke gaban ayari, uban dawaki kuma yana kula da tara kuɗin da za a biya da kai saƙon madugu wurin masu gari, sannan akwai malamin ayari mai riƙe da lissafi da addu'a da zaɓen ranar tashi. Idan an sauka da yamma akan tara kaya da dabbobi a tsakiya, mutane su kewaye, a yi ta karɓa-karɓar gadi har asuba. Ƙaramin falke mai jakuna uku ko huɗu bai da bukatar sanin halin sarkin Nikki ko sunan wanda ya tare hanya a makon jiya, abin da ke wuyansa shi ne mangalarsa da dabbobinsa da biyan rabonsa na fito. Wannan ba ƙaramar hikima ba ce, domin ayarin da kowane mutum a cikinsa yake zaman madugun kansa ba zai yi sati guda a hanya ba sai ya watse da gardama da firgita. Girman ayari ya kare shi daga mahara, amma rabon aikin ne ya bar mutanensa suka yi barci.

Zango, a asalinsa, wurin da ayari ke yada kaya ne a ƙarshen tafiyar yini, kuma inda saukar ta yawaita sai wasu fatake suka zauna suka gina gidaje, masaukin ya zama unguwa. A Jugu unguwar 'yan kasuwa Musulmi, da ake kira Wangara, ta tsaya daban da Kilir inda sarki yake, kuma haka tsarin yake a sauran garuruwan hanyar. A nan ne aikin madugu ya koma hannun maigida, wato mazaunin zango mai saukar baƙi, wanda ke ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa, ya tsaya masa idan magana ta kai gaban hukuma, a biya shi da la'ada. Barazanar da baƙo ya fi jin tsoro a cikin gari ita ce mai saye da zai karɓi kaya bashi ya ɓace, kuma baƙo ba shi da hanyar gane shi a fuska. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa bincikensa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanu bashi bisa lamunin maigida, dillalai kuma suna riƙe da labarin kowane mahauci a ka: nawa ake binsa, yaushe ya saba biya, wa ya taɓa cuta. Sanin da zai ɗauki baƙo shekaru kafin ya tara, yana samunsa daren da ya sauka. Maigidan da ya ci amanar baƙo sau ɗaya kuwa labarinsa zai riga shi isa Kano, shi ya sa amana a zango ta zama jari kamar kowane jari.

Saukowar wannan tsari zuwa bakin teku ta biyo bayan rushewar tsohuwar hanya. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ikon Asante a kan Salaga ya karye, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akara da Lome, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Musulmi ba baƙi ba ne a ƙasar Dahome, tsohon sunan Benin, domin matafiyan Turai tun ƙarni na 18 sun ambaci malamai a Wida da fadar Abome suna rubuta wa sarakuna layu, amma Kwatano kanta ƙaramin gari ne na masunta a lokacin. Faransa ta sami yarjejeniyar mallakar wurin a 1868 zamanin Sarki Glele, aka haƙa mashigin da ya haɗa tafkin Nokuwe da teku a 1885, aka gwabza a garin da dakarun Sarki Behanzin a 1890, aka kuma kafa gadar ƙarfe ta sauke kayan jiragen ruwa a farkon shekarun 1890. A rundunar Faransa da Kanar Dodds ya kai Abome a 1892 akwai bataliyar da Faransawa suka kira ta Hausawa, ko da yake sunan a wancan zamani ya haɗa da duk wani ɗan arewa Musulmi mai jin Hausa, kamar yadda ya kasance a rundunar da Baturen Ingila Glover ya kafa a Ikko a 1863. An fara shimfiɗa layin dogo daga Kwatano a 1900, ya isa Paraku a 1936, daga nan motoci ke ɗaukar kaya zuwa Malanbil a ƙetare Kwara zuwa Gaya. A shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta karkatar da gyaɗar Nijar ta wannan hanya, aka kafa hukumar jirgin ƙasa ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar a 1959, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1965. Unguwar da ke bakin tasha ita ce ta karɓi mutanen da dogo ya sauko da su: masu shanu da raguna, mahauta, 'yan koli, masu albasa, direbobi da yaransu, malamai da almajiransu, daga baya kuma wakilan alhazan Maradi masu fiton taba da atamfa, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazarin kasuwancinsu a shekarun 1980.

Sai dai irin haɗarin ya sauya, kuma a nan ne tarihin ya yi nauyi. Mahayin da ke ɓoye a dajin Bargu abu ne da jagaba zai iya hangowa, a kuma yi ciniki da shi ko a kauce masa, amma dokar da aka sa wa hannu a wani babban birni da dare ba ta da ƙura ba ta da sawu. A ƙarshen 1963 rikicin tsibirin Lete ya ɓarke tsakanin Nijar da Dahome, Nijar ta kori dubban 'yan Dahome da ke aiki a ƙasarta, Dahome ta toshe hanyar kayan Nijar, kuma duk ɗan Nijar da ke zaune a Kwatano ya kwana da sanin cewa ramuwa na iya faɗowa kansa. Maganar mallakar tsibirin ma ba ta mutu ba sai da kotun duniya ta ba Nijar shi a 2005. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zangunan Kumasi da Akara suka girgiza, mutanen da aka haifa a can suka bi hanyar Lome da Kwatano da abin da hannu zai iya ɗauka. A 1977 hukumomin Togo suka rushe tsohon Zangon Lome da ke tsakiyar birni suka mayar da mutanensa bayan gari, lamarin da masani Michel Agier ya rubuta a kai, kuma ba sai an gaya wa mutumin Zangon Kwatano ba cewa gemun ɗan'uwansa ne ya kama wuta. A watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin korar da Gana ta yi, mutane fiye da miliyan suka fito daga Najeriya, da yawansu suka ratsa ta Benin. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki ta kuma canza takardun naira, duk wanda ke riƙe da tsofaffin kuɗi a waje ya tashi da takarda, iyakokin kuwa ba su buɗe ba sai 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 takunkumin ECOWAS ya rufe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi dogon layi da kaya a kansu, kuma ko bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren. A cikin gida ma, aikin share bakin tituna da hukumar Kwatano ta yi a farkon 2017 ya kwashe rumfuna da tebura masu yawa, ya kuma tayar da muhawara a kan yin sallar Juma'a a kan titi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da maigida zai iya lamuncewa, kuma bincike ya nuna cewa irin wannan barazana ce ta fi cin rai. A 2016 Archy de Berker da abokan aikinsa a London suka sa mutane wani wasa a kwamfuta inda ake juya duwatsu, idan aka tarar da maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja mutum da lantarki a hannu, suna kuma auna gumi da buɗewar ƙwayar ido da abin da mutum ya faɗa game da halin da yake ciki. Damuwa ta fi tsanani a lokacin da yiwuwar jan ta kasance rabi da rabi, ta zarce ta lokacin da mutum ya tabbata za a ja shi. Wanda ya san asara ta tabbata yakan fara shirin ɗaukarta, wanda ya san babu ita yakan huta, amma wanda ke tsakani ba ya iya ko ɗaya. Wannan shi ne halin ɗan kasuwar da kayansa ke tashar jiragen ruwa kuɗin ajiya na hawa kullum, ba a ce masa za a buɗe iyaka ba, ba a kuma ce masa ba za a buɗe ba.

Abin da zango ya yi a gaban wannan sabon yanayi shi ne ya mayar da aikin jagaba ya zama neman labari. Majalisar ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, teburin mai shayi, tashar mota, benci na 'yan canji a Jonke inda farashin naira ke faɗa wa mai hankali abin da ke faruwa a Abuja tun kafin jarida ta buga, duk wuraren tattara labari ne. Sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, da takwarorinsa na Jamus da Amurka, sun sa rediyo ya zama kayan aikin falke kamar ma'auni. Muddin labari yana bi ta hannun dattawan da suka ga 1969 da 1984, akwai mai tacewa, mai cewa wannan an taɓa ji bai zama komai ba, wancan kuwa a ɗaure kaya. Wayar hannu ta cire wannan matacin. Saƙon murya a WhatsApp yana isa kunnen mutum ɗari a lokaci guda ba tare da ya bi ta kan kowa ba, kuma tun da hankalin mai fargaba ya fi saurin kama labarin sharri ya kuma fi wuyar sakinsa, saƙon da ya fi tayar da hankali shi ya fi yawo. Za a iya cewa aikin da ayari ya raba wa mutum huɗu ya dawo kan kowane mutum shi kaɗai, dare da rana, kuma wannan koma baya ne ko da an kira shi ci gaba.

Akwai kuma waɗanda sa ido ya zame musu sana'a ɗungurungum. Gadi na daga cikin ayyukan da 'yan ci-rani daga arewa suka fi samu a biranen bakin teku, musamman bayan farin 1973 da na 1984 da suka kashe dabbobi suka turo Buzaye da Hausawan karkara kudu. A 1948 Norman Mackworth ya wallafa binciken da ya yi wa rundunar sojan saman Ingila, wadda ta lura cewa masu duba na'urar hango jirage suna kuskure abin da ke gabansu idan zama ya yi tsawo. Ya zaunar da mutane awa biyu suna kallon hannun wani agogo da ke tsalle ɗaya kowace daƙiƙa, jefi-jefi ya yi tsalle biyu, ya tarar bayan rabin awa na farko iya gane tsallen ya ragu sosai, ya kuma ci gaba da raguwa. Ayari ya kauce wa wannan ta hanyar karɓa-karɓa, amma maigadin gidan attajiri ko na shago yakan kwana shi kaɗai daga magariba zuwa asuba, wani lokaci bayan ya yini yana sayar da kayan tireda a ƙofar gidan. Al'adar masu gadin layi ɗaya ta taruwa wuri guda a kan shayi da rediyo, wadda masu gida ke ɗauka sakaci ne, ita ce mafi kusa da tsohon tsarin, kuma abin da Mackworth ya gano yana goyon bayan masu gadin.

Ba a kammala wannan tarihi ba tare da malamai ba. Tun daga malamin ayari har zuwa malamin zaure a Zango, mutumin da gabansa ke faɗuwa yana da inda zai je a yi masa istihara, a umarce shi da sadaka, a ba shi addu'ar da zai riƙe ko rubutun sha. Malaman Izala da na ɗariƙu sun daɗe suna saɓani a kan halaccin wasu daga cikin waɗannan, kuma wannan muhawara ce ta fiƙihu mai zaman kanta. Abin da ya shafi wannan bayani shi ne aikin da ziyarar ke yi wa hankali: tana sa wa tunani iyaka, ta ce an yi abin da za a iya, saura na Allah ne, daidai da koyarwar ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Idan babbar wahalar mai fargaba ita ce ɗauke ido daga barazana, to al'adar da ke ba shi izinin ɗauke idon ba abin rainawa ba ce.

Dole ne kuma a yi wa binciken kansa adalci ta hanyar faɗin iyakarsa. Wani nazari da Joseph Henrich da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun wannan fanni sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, akasarinsu kuma ɗaliban jami'a ne da ke zaune lafiya. Gwajin ɗigon nan ma an gano tun 2005 cewa sakamakon mutum ɗaya yana iya bambanta daga zama zuwa zama, saboda haka ya fi amfani wajen kwatanta rukuni da rukuni. Mafi muhimmanci, a wurin da haɗari na gaske ne lissafin yana juyawa. Seth Pollak ya nuna a farkon shekarun 2000 cewa yaran da aka saba duka suna gane fuskar fushi da wuri fiye da sauran yara, abin da a gidajensu kariya ce, kamar yadda Bahaushe ya ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Bar-Haim kuma, a binciken da ya wallafa a 2010 kan mutanen da ke zaune kusa da Gaza lokacin yaƙin 2008 zuwa 2009, ya tarar waɗanda suka fi kusa da inda rokoki ke faɗowa kawar da hankali suke yi daga kalmomin barazana, kuma su ne suka fi nuna alamun damuwa. Saboda haka ɗan canjin da ke duba kowace takardar kuɗi sau biyu, ko direban da ke tambayar labarin kowane shingen jandarma kafin ya tashi, ba majinyaci ba ne, sana'arsa ce ta koya masa, kuma wanda ya daina tambaya gaba ɗaya mai yiwuwa shi ya fi bukatar a duba shi.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna sa iyakar ne a inda zullumi ya wuce dalilinsa: ya ɗauki wata shida ko fiye, ya bi mutum ko'ina har a ranar da babu abin tsoro, ya hana shi barci da natsuwa da aiki, ya zo da bugun zuciya da ciwon jiki da saurin fushi. Wannan ciwo ne da ake magani, da shawara ko da ƙwaya ko duka biyu, kuma Kwatano tana da asibitin ƙwaƙwalwa na ƙasa a unguwar Jako, sai dai a kunnen mutane da yawa zuwa can daidai yake da amsa sunan mahaukaci, don haka mai fargaba yakan ƙare a wurin mai sayar da ƙwayoyi a kasuwa ko ya yi ta awon hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2008 na koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane irin waɗannan cututtuka da tura masu su inda ya dace. A Zango, mutanen da suka fi kowa saurin lura cewa baƙo ya daina cin abinci ko ya kwana yana zagaya tsakar gida su ne maigidansa da limamin unguwa da matan gidan da ke kai masa tuwo. Ya kamata hukumomin lafiya na Benin, da masu bincike a jami'o'in Abome-Kalabi da Bayero da Maradi, su fara da waɗannan mutane, su kuma yi aikin da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, harsunan da ake faɗin damuwar da su.